Tafkin da Ƙoshi Ya Kusa Kashewa

A bayan gidanmu, cikin birnin Kano, akwai wani kududdufi da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar tubali. A ciki muka koyi iyo, a ɓoye, don in labari ya kai gida sai bulala. Da damina ruwansa ja ne, in kaka ta kama sai ya kwanta, har ka ga yatsun ƙafarka idan ka tsaya iya gwiwa. Kainuwa na gefe guda, bado na gefe guda, tarwaɗa na cikin laka. Kafin in gama makarantar horon malamai ruwan ya koma kore shar, mai kauri kamar miyar kuka, in ka jefa dutse sai ka ga ramin da ya buɗe ya daɗe bai rufe ba. Tsofaffin unguwa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya suka faɗa, amma babu wanda ya iya nuna mini abin da ya tsamar da shi, tunda ba a taɓa zuba guba a ciki ba. Kwatocin gidaje ne kawai suka yi yawa, kowanne ya miƙa bakinsa can.

Amsar ta zo mini daga nesa, daga tarihin wani tafki na Amurka da na riƙa karantar wa ɗalibai shekara da shekaru kafin Allah ya nufa in gan shi da idona, lokacin da na je ziyarar ƙanina da ke aiki a birnin Siyatil. Tafkin Washinton ke nan, yana gabashin birnin, a can ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar. Tsawonsa ya kai kilomita 35, wuri mafi zurfi kuwa mita 65, kuma ƙanƙara ce ta ƙwaƙule gurbinsa tun zamanin da. Ranar da muka tsaya a bakinsa na ga duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya ta cikin ruwa, yara na tsalle daga kan wani dandamali na katako, can kudu kuma ga Dutsen Rainier da farin rawaninsa. Ƙanina ya yi mamakin yadda na tsaya ina kallon ruwa kamar baƙauye. Shi dai tafki ya gani. Ni kuwa na san cewa a 1963 wata jaridar birnin ta laƙaba wa wannan ruwan suna mai ma'anar Tafkin Ɗoyi.

Tun kafin wannan an riga an taɓa tafkin. Mutanen Duwamish ne asalin mazauna bakinsa, suna kamun kifi a kogin da ruwan tafkin ke fita ta cikinsa daga kudu. A 1916 aka yanka hanyar jiragen ruwa da ta haɗa tafkin da mashigin teku na Puget, ruwan ya sauka da kusan mita 3, wancan kogi ya ƙafe, kwale-kwalen masu shi suka zauna a kan laka. An kuma karkato Kogin Cedar, mai gangarowa daga duwatsu, ya riƙa zuba a tafkin. A riƙe sunan wannan kogi, zai yi rana nan gaba.

A farkon ƙarni na 20 birnin Siyatil ɗanyar najasa yake zubawa a tafkin. Da abin ya ishi mutane aka yi bututai, zuwa 1936 aka juya ƙazantar birni ta koma teku. Tafki ya huta, amma hutun bai yi tsawo ba. A 1940 aka buɗe gada mai yawo a kan ruwa, wadda aka ɗora bisa manyan akwatunan kankare saboda zurfin tafkin da taushin ƙasansa sun hana a kafa ginshiƙai. Gada kuwa ita ce uwar unguwa. Gonakin da ke hayin gabas suka zama gidaje, ƙauyuka irin su Bellevue suka zama garuruwa, kowane gari kuma ya gina wurin tace najasarsa. Daga 1941 aka fara, har suka kai goma kewaye da tafkin, suna zuba masa kimanin galan miliyan 20 kowace rana.

Nan ne wurin da nake tsayawa in dubi ɗalibai, don nan ne abin yake. Mutanen nan ba ƙazamai ba ne. Sun yi abin da injiniyoyin zamaninsu suka ce a yi: an tace ruwan, an cire tarkace, an kashe ƙwayoyin cuta, abin da ke fita daga bututu kusan garau yake. Amma tacewar ba ta cire sinadarin fosfaras ba, wanda ke cikin ba-hayar ɗan Adam da kuma garin sabulun wanki da ya shigo kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Fosfaras taki ne. Duk manomin da ya taɓa buɗe buhun takin zamani ya riƙe shi a tafin hannunsa. A gona albarka ne. A ruwan tafki kuwa shi ne abin da gansakuka ke ƙishirwa, domin sauran abincinta duk akwai, shi kaɗai ne ke ƙaranci, kamar gidan da ke da hatsi da itace da tukunya amma babu ashana. Masana sun ƙiyasta cewa kilo ɗaya na fosfaras na iya tayar da gansakuka mai nauyin kilo 500 a jiƙe. Tana yaɗuwa ta tare hasken rana, ta mutu ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye iskar da kifin ƙasa ke shaƙa. Wadda iska ta koro bakin gaɓa kuma ta taru ta ruɓe a rana. Ni dai cutar ƙoshi nake kiranta a aji, kuma sunan da Turawa suka ba ta, wanda suka aro daga Girkanci, ma'anarsa ke nan: an ci an ƙoshi.

Wanda ya fara ganin alamar ba ya bakin aiki ma. A watan Yuni na 1955 wani matashin masani, George Anderson, yana shan iska a ƙaramin jirgin ruwa, sai ya ga launin ruwan bai yi masa ba. Ba shi da kayan awo, sai ya ɗebi ruwan a kwalbar giya ya kai wa tsohon malaminsa, W. T. Edmondson na Jami'ar Washinton. Da aka sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ga zare-zare masu ɗan ja, wata halitta da masana ke kira Oscillatoria rubescens. Edmondson ya san ta a littafi. Ita ce ta mamaye Tafkin Zurik na ƙasar Suwizalan a ƙarshen ƙarni na 19 bayan garuruwa sun cika shi da najasa. A wani tafkin na ƙasar, na Murten, ta taɓa rina ruwa ja a 1825, har mutanen wurin suka ce jinin mayaƙan Burgundi ne da aka kashe a yaƙin 1476 ya taso. Duk inda ta bayyana da yawa, tafki ya kama hanyar lalacewa.

Da a ce kwalbar kaɗai ke hannunsa, da magana ce ta fatar baki: malam ya ce ruwa ya sake, wani ya ce haka yake tun fil azal. Abin da ya ba Edmondson ƙafar tsayawa shi ne alƙaluma. A 1933 wasu masana biyu, Victor Scheffer da Rex Robinson, sun auna sinadaran tafkin na tsawon shekara. A 1950 kuma ɗaliban Edmondson, har da shi Anderson ɗin, sun sake aunawa don aikin digirinsu. A lokutan biyu babu wanda ya ce tafkin na ciwo, babu wanda ya roƙe su. Sun auna ne kawai sun rubuta. Da aka jera 1933 da 1950 da 1955 sai hanya ta fito fili: fosfaras na hawa, iskar ƙasan ruwa na sauka. A 1956 Edmondson da abokan aikinsa suka buga sakamakon, jaridu suka ɗauka.

Daga cikin kayan awon akwai wanda ya fi burge ni saboda arharsa. Farin faifai ne a ɗaure da igiya, ana zura shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, sai a duba tsawon igiyar da ta shiga. Wani limamin Katolika masanin taurari, Angelo Secchi, shi ya fara gwada shi a teku a 1865, har yau kuma da sunansa ake kiransa. A Tafkin Washinton, da bazarar 1950, ana hango faifan har kusan mita 4.

Na taɓa yin nawa. Murfin kwanon sha na samu, na shafa masa farin fenti, na huda tsakiya da ƙusa, na ɗaura dutse a ƙasa, na ƙulla igiyar a kowane santimita 10. Na kwashi 'yan aji biyar muka tafi kududdufinmu, muka hau wani kututturen dabino da ya faɗa ciki. Wani dattijo mai wankin babur ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Malam, kifi ake kamawa da murfin kwano yanzu?" Yara suka fashe da dariya. Na zura faifan. Ƙulli na farko ya taɓa ruwa, na biyu bai kai ga jiƙewa ba farin ya ɓace. Wata yarinya ta rubuta a littafi: santimita 15. Sai ta tambaye ni, "To malam, da can nawa ne?" Na buɗe baki in ce ai da muna ganin ƙafarmu, sai na ji maganar ba ta da nauyi. Tuna baya ne kawai irin na tsofaffi. Babu wanda ya auna kududdufin nan lokacin da yake da lafiya.

Mu koma Siyatil. Sanin ciwo daban, biyan kuɗin magani daban. Garuruwan da ke kewaye da tafkin kowanne da hukumarsa, kowanne na ganin nasa bututun ƙarami ne, na maƙwabci ne babba. Wanda ya ɗauki wahalar haɗa kansu wani matashin lauya ne, James Ellis, wanda ya yi shekaru yana yawon taro yana neman a kafa hukuma ɗaya da za ta riƙe najasar yankin gaba ɗaya. Ya aika wa Edmondson tambayoyi, malamin ya amsa da doguwar wasiƙa cikin harshen da mai sayar da kayan miya zai gane. Edmondson bai shiga yaƙin neman ƙuri'a ba. Ya tsaya a kan cewa aikinsa shi ne ya faɗi abin da zai faru in an ci gaba da zubawa, da abin da zai faru in an daina, zaɓi kuwa na masu biyan haraji ne. Wasu na ganin wannan a matsayin noƙewa. Ni ina ganin shi ya sa aka yarda da shi, don ba a iya cewa ɗan wata jam'iyya ne ba.

A 1957 majalisar jiha ta yi dokar da ta ba da damar kafa hukumar, wadda aka fi sani da Metro. Aka kai maganar gaban jama'a a watan Maris na 1958, ta faɗi. Mutanen birni sun yarda, na kewaye suka ƙi. 'Yan adawa sun ce gwamnati ce za a ɗora a kan gwamnati, har da masu jifan shirin da gurguzanci, wanda a Amurkar wancan lokaci zagi ne mai tsanani. Masu shirin ba su yi zuciya ba. Suka rage buri, suka cire batun sufuri da tsara gari, suka bar najasa kaɗai. Ƙungiyar mata masu zaɓe ta shiga gida-gida. Aka buga hoton wasu yara biyar 'yan gida ɗaya, sanye da kayan wanka, suna tsaye a bakin tafki kusa da allon da ya hana shiga ruwa. Bazarar shekarar ma ta taimaka, don an yi zafi, gansakuka ta taru, an rufe wuraren wanka. Ranar 9 ga Satumba, 1958 aka sake jefa ƙuri'a, shirin ya wuce, kuma a wannan karon mutanen kewaye sun fi na birni goyon baya.

Kuɗin aikin ya kai kimanin dala miliyan 140, kowane gida na biyan dala 2 a wata. Aka shimfiɗa manyan bututai na sama da kilomita 160 kewaye da tafkin, wasu a ƙarƙashin ruwa, wasu ta cikin tudu, aka gina manyan wuraren tacewa biyu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan: shekaru bayan ƙuri'ar tafki na ta ƙara lalacewa a gaban idon mutane. Sai a Fabrairun 1963 aka rufe bututun farko, a shekarar ne kuma jarida ta raɗa masa wancan suna na ɗoyi. A 1964 faifan Secchi na ɓacewa kafin ya kai mita ɗaya. Ka ƙaddara kai ne ka jefa ƙuri'ar amincewa, maƙwabcinka da ya ƙi yana toshe hanci yana dubanka. Edmondson ya riga ya faɗa musu cewa sai abin ya ƙara muni kafin ya gyaru, ya kuma ce in an gama juya bututan tafkin zai koma yadda yake a 1950 cikin 'yan shekaru. Da ya yi kuskure, da sunansa ya tafi tare da ruwan.

A Fabrairun 1968 aka rufe bututu na ƙarshe. Fosfaras ya faɗo daga kimanin kashi 70 cikin biliyan zuwa ƙasa da 20. Zuwa 1971 ruwan ya fi na 1950 haske.

Wannan sakamako ya shiga wata babbar rigima da ake yi a lokacin. Masu kare sana'ar garin sabulu suna cewa ba fosfaras ne mai laifi ba, wataƙila naitirojin ne, wataƙila kabon. Alƙaluman Tafkin Washinton, waɗanda Edmondson ya buga a 1970, sun nuna gansakuka ta bi sawun fosfaras ƙafa da ƙafa wajen sauka, alhali naitirojin bai ragu sosai ba. Wanda ya kashe bakin gardamar shi ne David Schindler a Kanada. A 1973 ya raba wani ƙaramin tafki mai lamba 226 gida biyu da labulen roba, ya zuba kabon da naitirojin a kowane ɓangare, ya ƙara fosfaras a ɓangare ɗaya kawai. Hoton da aka ɗauka daga sama ya nuna rabi baƙi garau, rabi kore kamar an zuba fenti. Hoton nan ya yi aikin da tarin takardu ba su yi ba wajen sa hukumomi su taƙaita fosfaras a sabulu.

Sai kuma tafkin ya yi abin da ko Edmondson bai hango ba. A 1976 hasken ruwan ya kusa ninkawa, faifai na kaiwa mita 7 da ɗoriya, ba tare da an ƙara rufe wani bututu ba. Da aka bincika sai aka ga wata 'yar mitsitsiyar halitta mai suna Daphnia, wadda ba ta wuce ƙwayar gero ba, ta cika tafkin tana tace gansakuka tana cinyewa. Me ya hana ta da can? Abu biyu. Zaren Oscillatoria na toshe mata matata, ga shi yanzu ya kau. Sannan akwai wani ɗan jatan lande da ke cin ta, shi kuma ya ragu saboda wani ƙaramin kifi mai cin sa ya yawaita, wanda ke yin ƙwai a Kogin Cedar. Kifi ya ci jatan lande, jatan lande ya saki Daphnia, Daphnia ta share ruwa. Edmondson ya iya warware wannan sarƙa ne domin bai daina fita da jirgi yana ɗibar ruwa ba bayan an gama biki an watse. Ya ci gaba da bin tafkin har kusan rasuwarsa a 2000.

Kada mai karatu ya ɗauka duk tafkin da aka rufe wa bututu haka zai warke. Tafkin Washinton ya yi sa'a ta fuska uku: yana da zurfi, Kogin Cedar na kawo masa ruwan dutse marar taki da ke sabunta shi cikin shekara biyu zuwa uku, sannan an kama ciwon da wuri, kafin lakar ƙasa ta ƙoshi. Tafkin Trummen na ƙasar Suwidin bai samu wannan ba. Ba shi da zurfi, kuma an daɗe ana zuba masa. An daina a ƙarshen shekarun 1950, amma shekara goma yana nan kore, domin fosfaras ɗin da ya kwanta a laka yana tasowa duk bazara. Sai da aka kawo injin zuƙa a 1970 da 1971 aka kwashe lakar kusan rabin mita kafin ya farfaɗo. Kududdufan garuruwanmu da madatsun ruwan da kwatocin birni ke gangarawa cikinsu sun fi kama da Trummen.

Akwai kuma abin da ban yarda a ɓoye ba. Mutanen Siyatil ba su kawar da najasar ba, wuri suka sake mata. Mashigin Puget ne ya karɓa, bisa hujjar cewa ruwan teku ne mai zurfi da igiya ke juyawa kullum. Babban wurin tacewa na West Point, da aka buɗe a 1966, sai a 1995 aka ɗaga shi zuwa mataki na biyu na tacewa, kuma har yanzu ana muhawara kan naitirojin da ke shiga mashigin. Wanda ya share ɗakinsa ya tura sharar tsakar gida ya yi aiki, amma bai gama ba. Su dai suna da teku a bayan gida. Mu da muke zaune nesa da teku ba mu da inda za mu tura, sai dai mu cire takin daga ruwan, ko mu kai shi gona inda ake nemansa da kuɗi.

Da na dawo daga waccan tafiya na je in sake zura murfin kwanona a kududdufinmu. Na tarar an cike shi da shara da ɓaraguzan gini, an yi shaguna a kai, da damina kuma ruwan da ya rasa masauki yana shiga gidajen mutane. Littafin da yarinyar nan ta yi rubutu yana nan a akwatina. Awo ɗaya ne tak a ciki, santimita 15, da kwanan wata a gefe.